Baffa Bakwai da Rigar Vernon

Baffa Bakwai ne ya raɗa mini suna Darlene, kuma har yau ban gama yafe masa ba. Ina da shekara tara, kwananmu huɗu da sauka a garin Port Arthur na Amurka daga Vietnam, babana ya ja hannuna zuwa garejin yayansa don a ba ni sunan shiga makaranta. Baffa ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge hannu da tsumma, ya ƙare mini kallo sama da ƙasa, sannan ya ce, "Darlene." Babana ya yi ta godiya har da rusunawa. Sai da na shiga aji na gane aika-aikar da aka yi mini. A duk makarantar babu Darlene sai ni da tsohuwar da ke raba mana abincin rana, ita ma kuma jikokinta na tsokanarta da sunan.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Duk ɗan ƙasarmu da ya iso unguwar a shekarun nan, garejin ake fara kai shi kafin a nema masa aiki. Baffa kuwa ba shi da inda yake samo sunaye sai wurin masu kawo masa gyaran mota, kuma ba na kowa yake ɗauka ba, sai na wanda ke canza baƙin mai a kan lokaci. To su wa ke canza baƙin mai a kan lokaci in ba tsofaffi ba? Shi ya sa in ka shigo layinmu ka ji ana kwaɗa wa Mildred kira, kada ka tsaya neman mai dogara sanda, wata gajeriyar mai gyaran farce ce da ke tuƙa babur. Eugene, Gladys, Harold mai sayar da jatan lande, duk aikin Baffa ne.

In ka yi masa ƙorafi, karatu ɗaya yake yi maka. "Ka zo ƙasar mutane, kada ka wahalar musu da baki. Bature in ya gwada sunanka sau ɗaya ya kasa, ba zai sake gwadawa ba, na bayanka zai kira. Kai kuma ka wuni a layi kana riƙe da sunan kakanninka."

Na taɓa ce masa, "To Baffa, me ya hana su koya? Mu ba mun koyi nasu ba?"

Ya ce, "Darlene, tayarki ta baya ba iska."

Haka yake. Da zarar an matsa masa, sai ya gano wa motarka ciwo.

Shi kansa nasa sunan a jikin riga ya tsince shi. A shekarar 1981 ya iso, saurayi ɗan ashirin da uku, daga shi sai kayan jikinsa. Wani tsohon Bature mai gareji ya ɗauke shi shara da wankin sifana, ya miƙa masa rigar aikin wani da ya gudu, an ɗinka "Vernon" da jan zare a saman aljihu. Baffa ya ɗauka sunan kamfanin ne. Mako biyu ana kiran Vernon yana taya su waige-waigen neman mai sunan. Da ya gane, bai yi gardama ba, ya ce tunda rigar ta yi masa daidai, sunan ma zai yi. Ranar da zai zama ɗan ƙasa aka tambaye shi ko yana son sauya suna, sai kawai ya nuna musu aljihunsa. Da tsohon ya gaji ya bar masa garejin, Baffa ya sa aka ɗinko masa riguna goma sha biyu, duk da jan zaren nan. Yana ba da labarin cewa Vernon na asali ya taɓa kawo masa gyara, suka gaisa, ya buɗe masa injin ya ga yadda ya bar shi. "Ƙazami ne," in ji Baffa. "Sunan ma gara da ya dawo hannuna."

Wancan na waje ke nan. A cikin gida kuwa babu mai kiran babba da sunansa, da lambar haihuwarsa ake kiransa. Babana Takwas, shi Bakwai, yayarsu Gwaggo Biyar. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, har ta bar duniya "Baban Travis" take ce masa. Ni dai na haura talatin ban san sunan yankan Baffa ba, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba. Sunan babba a wurinmu ba a furta shi, balle a ɗauka a ba jariri. Kafin a raɗa wa yaro suna ma sai an je wurin tsofaffi sun lissafo na kakanni don a kauce musu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ai tsawa ake yi masa, a ce wane sauko daga nan, wane ka sake jiƙa wando, wane zan ci ƙaniyarka. Ka ba shi sunan kakansa, kullum kakan ake wa wankin babban bargo a tsakar gida.

Travis, ɗan Baffa tilo, a nan aka haife shi. Yaron kirki ne, amma da cokali mai yatsu yake cin shinkafa, kuma harshenmu iyakar abin da ya sani a ciki shi ne "ci" da "zauna" da "kashe fitila". Matarsa Yesenia 'yar mutanen Mexico ce, a gidansu akwai Rogelio har huɗu: kaka, da ɗa, da jika, da wani da har yau ba a gaya mini dalilinsa ba. A wurinsu babu girmamawar da ta kai wannan. Wa zai gaya wa waɗannan biyun abin da kowa ya ɗauka kowa ya sani?

Ranar tunawa da rasuwar kakarmu abin ya fashe. Duk shekara a gidan Gwaggo Biyar muke haɗuwa da rana, a dafa abin da marigayiyar ke so, kifi mai barkono a tukunyar ƙasa da miyar tsami, a jera a gaban hotonta, a kunna turaren tsinke, a jira ya cinye, sannan mu zauna mu ci. Mun fara ci ke nan Travis ya miƙe yana buga cokali a jikin kofi, Yesenia na gefensa da cikinta wata bakwai, sai murmushi take.

Ya ce, "Namiji ne. Kuma mun zaɓi suna. Na samo shi a katin Baba na sansanin 'yan gudun hijira, cikin gwangwanin biskit. Za mu sa masa sunan Baba na gaskiya. Khiem."

Don kada wani ya ce bai ji ba, ya maimaita. Har sau uku, yaron nan, da murya kamar mai talla.

Babana ya sunkuyar da kai cikin kwano. Gwaggo Biyar ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali, wanda duk mun san ma'anarsa.

"Kai Travis. Sunan wa ka kira yanzu?"

"Na Baba mana, Gwaggo."

"Na ubanka. A gaban hoton Inna. Da bakinka duk maiƙo. Wayyo ni, an kawo mu ƙasar da ɗa ke kiran sunan ubansa kamar yana kiran kare! Kuma ka ce jariri za ka ba? Gobe ya yi kashi a kujera, matarka ta ce wane ya ɓata kujera, duk unguwa ta ji Bakwai ya ɓata kujera?"

Ni aka bar wa fassara, tunda Gwaggo in ta yi fushi ba ta Turanci. Na rage abin da zan iya ragewa, amma fuskarta ba ta buƙatar tafinta. Idon Yesenia ya cika da hawaye, ta ce su fa don girmamawa suka yi.

Kowa ya juya wurin Baffa. Shi kuwa ƙayar kifi yake cirewa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Yaya, kifin bana gishiri ya yi yawa." Ya tashi ya ce bari ya duba wata taya da ya gani a waje. Bai dawo ba, hularsa ma a kan kujera ya bar ta, kamar kullum. Babu gidan da ba a taɓa bin Baffa da hula ba.

Gwaggo ba ta rasa dabara. Kafin a kwashe kwanuka ta yanke hukunci. "In dole sai kun sa sunan uban, ku sa Vernon. Wannan ai ba suna ba ne, riga ce. Ko an zage shi rigar aka zaga."

A nan ne na ji abin ya taɓa ni. Jariri sabo fil, a wannan zamanin, a ce Vernon? Ni Darlene na san abin da ke jiransa a aji ɗaya. Amma ban isa in buɗe baki ba. Gwaggo ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ke 'yar Takwas, gobe ki je gareji ki karɓo mini maganarsa. Ya ce ya hana, da bakinsa. Shi kaɗai yaron nan zai ji."

Washegari da tsakar rana na same shi shi kaɗai, fanka na ta kaɗa iska mai zafi. Ya haɗa mana kofi da madarar gwangwani da ƙanƙara, muka zauna a kan tsofaffin tayoyi. Na isar da saƙo tiryan-tiryan.

Ya ce, "Yaushe rabonki da canza baƙin mai?"

Na ce, "Baffa, yau ko injin ne ya faɗo ba zan tashi ba. Kalma ɗaya Gwaggo ke so. Ka hana ko ba ka hana ba?"

Ya daɗe yana juya ƙanƙarar da cokali. Da ya buɗe baki, ba ni yake kallo ba.

"Kin san jiya ne karo na farko da na ji sunan nan a bakin mutum tun ina ashirin da biyu? Kuma bai iya faɗa ba, ya karya shi biyu. Amma na ji shi har tafin ƙafata."

Ya kurɓi kofinsa, ya ci gaba.

"Inna ba ta kiran sunana sai na yi laifi. Bakwai take cewa, kamar kowa. Ranar da zan gudu, da rana tsaka na fita, da kwandon kasuwa a hannu, don maƙwabta su ɗauka cefane za ni. An ja mana kunne, ba sallama, ba kuka, ba waiwaye, wanda ya waiwaya ya tona asirin kowa. Na kai wajen bishiyar kwakwa ta uku sai na ji ta kira ni. Da sunan. Wai na manta hulata."

Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Hula fa. Teku zan ƙetare, ita rana take ji mini. Sau uku ta kira. Gwaggonki na tsaye kusa da ita, ita ta riƙe mata hannu kada ta biyo ni. Ban waiwaya ba, Darlene. Na yi yadda aka ce. Kafin a buɗe hanyar komawa ta rasu."

Tausayinsa ya kama ni, sai kuma haushi ya biyo baya. Na ce, "To kai da ka san haka, me ya sa ka yi shekara da shekaru kana tuɓe wa mutane sunansu kana sa musu na tsofaffin Turawa?"

"Wa na tuɓe wa? Ke in kin koma gida me uwarki ke kiranki?"

"Suong."

"To. Kuna da na fita, kuna da na gida, da mai kiran kowanne. Ni na fitar ne kawai ke da masu kira. Na gidan, girma ya cinye shi. Kowa na ganin girmana, ba mai kirana."

"In gaya wa Gwaggo ka yarda ke nan?"

Ya zaro ido. "Ke, rufa mini asiri! Ni na isa in ce wa Yaya na yarda a zage ni? Ce mata kin zo ba ki same ni ba."

"Baffa, ta ga motata a ƙofar nan, gidanta na kallon garejin."

"To ce mata ina ƙarƙashin mota."

Haka aka yi ta yi wata biyu. Duk wanda Gwaggo ta aika, Baffa na ƙarƙashin mota. Tunda bai hana ba, Travis ya rubuta Khiem a takardar asibiti. Gwaggo ta yi yaji na kwana goma sha ɗaya, ran na goma sha biyu ta bayyana da tukunyar kaza mai citta don mai jego, ta ɗauki jaririn ta juya shi ta ce, "Dubi ƙafafu. Kwaɗo." Dama mukan ba jariri mummunan suna na gida don kada mugun abu ya yi sha'awarsa, ba wanda zai ce ta yi laifi. Daga ranar kowa ya kama Kwaɗo, har uban yaron. Ta kuma zaunar da Yesenia, ni ina fassara, ta ce takarda ta riga ta wuce, amma muddin surukinta Baffa na wurin, kada sunan nan ya fito daga bakinta. Yesenia yarinya ce mai kunya, ta yi alkawari, ta kuma riƙe shi gam.

Sai Baffa ya tsiri zuwa gidansu. Yau ya ji wani ƙara a motar Yesenia, gobe birki bai kwanta masa ba. A wata ɗaya sau uku ya canza mata baƙin mai, motar da daga gida sai kanti. Ya gama ya shigo ya zauna a falo da rigarsa ta Vernon, a kawo masa ruwa, ya yi ta jan lokaci, kunnensa na wajen ɗakin girki. Ita kuwa baiwar Allah da ta ji shigowarsa sai ta koma "Kwaɗo zo, Kwaɗo bari." Ya sha ruwansa ya tafi, a bi shi da hula.

Ni kaɗai na san abin da yake zuwa nema. Na ce masa, "Baffa, ka gaya mata mana. Kalma ɗaya ce."

Ya ce, "In ce wa surukata ta riƙa kiran sunana? Ke Darlene, Amurka ta gama da ke."

Na so in gaya mata da kaina, ya rantse in na yi ba zai ƙara taɓa motata ba. Shekara biyu ana wannan wasan, ina kallo, wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in ji kamar in kama su duka in girgiza.

Ranar tunawa da kaka ta sake zagayowa, Kwaɗo ya kusa cika shekara biyu, ƙafa ta yi ƙwari, ba ya zama. Mun ci mun ƙoshi, rana ta take, Baffa ya ce zai leƙa gareji. Ya sauka daga baranda, ya buɗe ƙyauren gidan, ya nufi titi, bai ja ƙyauren ya rufu ba. Muna baranda muna ɓare lemo, babu wanda ya lura Kwaɗo ya sulale ya bi bayan kakansa, sai da ya kai bakin kwalta. Ga wata motar kaya ta shawo kwana.

Yesenia ce ta fara gani. Ta watsar da faranti, ta manta da Gwaggo, ta manta da alkawari, ta ƙwalla kira da iyakar muryarta.

"Khiem! Khiem! Dawo nan!"

Baffa na tsakiyar titi, bayansa gare mu. Ya tsaya cak.

"Na'am!"

Da ƙarfi ya amsa, irin amsar da yaro ke yi wa uwarsa, ya juyo gaba ɗaya. Juyowar ce ta sa ya ga yaron. Taku biyu ya yi ya sure shi ya koma gefe, motar ta wuce tana ta hon.

Ba wanda ya yi motsi a barandar. Dattijo mai shekara sittin da uku na tsaye a rana da jikansa a kafaɗa, kuma duk mun ji abin da ya ce. Yesenia ta toshe baki da hannu biyu, tana kallon Gwaggo, tana jiran a kashe ta. Ni ma na fara shirya fassarar da zan rage.

Gwaggo Biyar ta miƙe da ƙyar, ta dafa ƙarfen baranda. Ta dubi Yesenia ta ce, "Gaya mata ba haka ake faɗinsa ba. Shekara biyu da haihuwar yaro, uwarsa ba ta iya sunansa ba."

Ban kai ga fassarawa ba ta juya ta ɗauki wani abu a kan kujerar da Baffa ya tashi. Ta ɗaga shi sama, ta kira, a hankali, yadda ake faɗinsa a garinsu, da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Khiem. Ka manta hularka."

Yaron ya waiwayo, kakan ma ya waiwayo. Baffa ya tako ya shigo, ya ja ƙyauren ya rufe da kyau, ya hau matakalar baranda da Kwaɗo a hannu. Ya tsaya a gaban yayarsa, ya sunkuyar da kai, ta sa masa.